A Duba Maganar Wayar da Za Ta Ɗauki Wuta a Duniyar Wata

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan shirin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na kafa tukunyar nukiliya, wato na'urar samar da wutar lantarki daga makamashin nukiliya, a duniyar wata. Kowa zancen tukunyar yake yi. Ni da na shekara talatin ina hawa falwaya, hankalina yana kan wayar.

A tsarin da suka fitar a 2021, ana son tukunyar ta ba da kilowat 40 har tsawon shekara 10, kuma a iya jan wutar zuwa nisan kilomita 1, saboda tiririn nukiliya ba abin zama kusa da shi ba ne. To, a nan gizo ke saƙa. Wayar da ke kan falwaya a Tudun Wada, in ta ɗauki zafi, iska ce ke yi mata fifita. A wata babu iska ko kaɗan, sai dai zafin ya riƙa fita sannu a hankali. In ka ƙara mata kauri, nauyi ya ƙaru, alhali kowane kilo roka ce za ta ɗaga shi. In kuma ka ɗaga ƙarfin wutar don wayar ta sirance, kamar yadda ake yi a manyan layukanmu, sai ka nemo wa wayar rigar da wuta ba za ta huda ba. Ga rana da ta haura digiri 100, ga daren kwana 14 mai tsananin sanyi, ga ƙura mai kaifi kamar garin kwalba.

Tukunyar SNAP-10A da Amurka ta harba sararin samaniya a 1965 kwana 43 kacal ta yi tana aiki. Ita lafiyarta ƙalau, na'urar daidaita wuta ce ta lalace. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a Oktoban 2024, da Arewa ta yi kwanaki cikin duhu saboda matsalar layukan dakon wuta.

Roƙona ga malamanmu na ABU ne. Tun 2004 tukunyar bincike mai kimanin kilowat 30 take aiki a cibiyar makamashi ta Samaru. Don Allah a ba ɗaliban lantarki aiki: su zuƙe iska daga cikin akwati, su sa wayar jan ƙarfe da ta alminiyam, su auna zafin kowacce. In an tashi, a kira ni, da filayata zan zo.

Naku,
Tsohon ma'aikacin lantarki,
Tudun Wada, Zariya.