Ga ɗan kasuwar da aiki zai kai Las Vegas ba da son ransa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwanmu masu sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine da Abossey Okai, musamman waɗanda za su taka Las Vegas ta Amurka karon farko. Duk farkon watan Nuwamba ana yin manyan baje-koli biyu a garin cikin mako guda: AAPEX a Venetian Expo daga Talata zuwa Alhamis, sai SEMA a babbar cibiyar taron garin har Juma'a. Motocin da ke sauka a tashar ruwa ta Tema da yawansu daga Amurka suke, don haka mai neman birki da fulogi da fitila da filta a hannun masu ƙera su, can zai iske su a ɗaki ɗaya. Ba a shiga sai da rajista da shaidar cewa kana cikin sana'ar, saboda haka a gama wannan tun a gida.

Da yawa daga cikinmu idan an ambaci sunan garin sai su ɓata fuska, kuma suna da hujja. Jihar Nevada ta halatta caca tun 1931, kuma a shekarar 2023 kaɗai gidajen cacar jihar sun ci dala biliyan 15.5 daga hannun 'yan wasa. Hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mutumin da ke cewa "ni ai ba na caca, me garin zai yi mini?" Wannan shi ya fi dawowa da aljihu a kwashe, domin an gina garin ne don ya tatsi baƙon da ya gaji, ko ya taɓa injin caca ko bai taɓa ba.

Gajiyar kuwa tun a hanya take farawa. Babu jirgin da ke tashi daga Accra kai tsaye zuwa can. Sai ka yi awa goma zuwa sha ɗaya ka sauka New York ko Washington, sannan ka ƙara wajen awa biyar. A filin jirgin farko ake duba fasfo, a nan za ka ɗauki jakarka ka wuce kwastan ka sake miƙa ta, don haka tikitin da ya bar maka ƙasa da awa uku tsakanin jirage biyu zai iya sa ka kwana a benci. Kuɗin hannu idan sun haura dala 10,000 dole a bayyana su. Ba haraji za a karɓa ba, amma wanda ya ɓoye aka gano, ana iya ƙwace su gaba ɗaya. Kilishi da dambun nama a bar su a Aboabo, ba a shiga da su. Duk wani abinci da ke jakar, ko da gari ne da yaji, a faɗa wa jami'in tun kafin ya tambaya.

A Nuwamba Kumasi na gaban Las Vegas da awa takwas. Ƙarfe takwas na dare a can, huɗun asuba ce a jikinka. Barci zai kayar da kai bayan magariba, ka farka wajen biyu na dare ido tangaran, ga yunwa. A wannan lokacin yawancin wuraren cin abinci na otal sun rufe, amma falon caca na ƙasa yana nan da fitilu da kiɗa kamar tsakar rana. Mutanen kirki da dama a wannan sa'ar suka fara zura dala ashirin "don a kashe lokaci". Maganin abu ne mai sauƙi: ka isa ranar Lahadi don jiki ya samu kwana biyu, ka daure kada ka kwanta kafin tara, kuma ka ajiye burodi da dabino da ruwa a ɗaki tun da rana, yadda babu abin da zai saukar da kai da tsakar dare. Yawancin ɗakunan manyan otal-otal ba su da butar dafa shayi, ita kuma ta gida da aka yi wa wuta 230 idan ka jona ta a 120 ɗin Amurka sai ta daɗe tana nishi ruwa bai tafasa ba. Cajar waya tana aiki, kan soket mai faffaɗan haƙori biyu kawai za ka nema.

Otal shi ne inda lissafi ke rushewa. Bayan kuɗin ɗaki akwai wani kuɗi na dole da ake rubutawa resort fee a takarda, wanda a manyan otal-otal na titin Strip, babban titin otal-otal da gidajen caca na garin, yakan kai dala 45 zuwa 55 kowane dare, ko ka shiga wurin ninƙaya ko ba ka shiga ba. A kan duka biyun ana ɗora haraji na kashi 13.38 cikin ɗari. Ɗakin da ka ƙiyasta a dala 150 sai ya tashi sama da 220. Tun watan Mayun 2025 doka ta tilasta a nuna jimillar farashi tare da kuɗin dolen, to amma sau da yawa a teburin karɓar baƙi ake biyan wannan ɓangaren, ko da wakilin tafiya ya ce maka "an biya komai". A tambaye shi a rubuce. Sannan za su riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina, yawanci dala 50 zuwa 150 a kowane dare. Idan katin asusunka na sidi ne, kuɗin na fita daga hannunka nan take, kuma dawowarsu kan ɗauki kwanaki bayan ka bar otal. Wanda ya zo da kati ɗaya yana iya wayar gari ba shi da na tasi. MoMo ba ta aiki a can. Ƙaramin firjin da ke cikin ɗaki kuma a yi hankali da shi: a otal-otal da yawa yana da na'urar da ke rubuta maka kuɗi da zarar ka ɗaga kwalba, ko ka mayar.

Akwai otal-otal marasa gidan caca, irin su Vdara da Signature da Renaissance wanda ke dab da cibiyar taro. A ganinmu ko sun fi tsada kaɗan, su suka fi dacewa da mai zuwa karon farko. A sauran, an tsara ginin ne yadda hanyar zuwa lifta da wurin cin abinci da ƙofar fita duk ta cikin falon caca take bi. Da wuya ka ga agogo a bango ko taga mai nuna rana, ana shan taba a ciki, masu hidima suna kai wa 'yan wasa giya kyauta, kafet ɗin ma mai zane ne da ke sa ido ya ɗago ya kalli injina. Ba sihiri a ciki, tsari ne. Ranar farko ka tambayi ma'aikaci gajeriyar hanya daga lifta zuwa titi, ka haddace ta. Su injinan tun a filin jirgi na Harry Reid za su tarye ka, kafin ma ka ɗauki jaka.

Ɗan kasuwa ya fi jin magana da lissafi, to ga shi. Faifan cacar rulet na Amurka yana da rami 38: ja 18, baƙi 18, kore 2. Idan ka sa dala 10 a kan ja sau 38, a tsaka-tsaki za ka ci sau 18 ka faɗi sau 20, wato gida ya ɗauki dala 20 cikin 380, kashi 5.26 cikin ɗari. Yanzu an ƙaro faifai mai kore uku, shi kuma ribarsa kashi 7.69 ce. Injina sun fi muni saboda sauri. Mai danna maɓalli duk daƙiƙa shida zai danna sau 600 a awa. A ce dala ɗaya yake sawa, inji kuma yana riƙe kashi goma, dala 60 ke nan ta tafi a awa guda yana zaune yana ganin kamar "saura kaɗan". Dokar jihar ta yarda inji ya riƙe har kashi 25. Waɗanda aka rubuta wa sisi ɗaya a goshi ma yaudara ce, domin layuka da yawa ake biya a kowace dannawa. Idan kuma baƙo daga Gana ya ci babban kuɗi a inji, kashi 30 ake cirewa na haraji kafin a miƙa masa. Injin cirar kuɗi da ke cikin falon yakan caji kusan dala goma a kowace cira, ban da abin da bankinka zai yanka.

Sai tafiyar ƙafa. Titin Strip tsawonsa kusan kilomita bakwai ne, gine-ginen kuma manya ne har ido ya ruɗu: otal ɗin da kake gani "ga shi nan" minti ashirin ne. Ba a tsallaka manyan mahaɗu ta ƙasa sai ta gadojin sama, kuma tun farkon 2024 laifi ne mutum ya tsaya ya tare hanya a kan gadojin, don haka ba wurin tsayawa a buga wa gida waya ba ne. Cikin zauren baje-kolin ma za ka yi kilomitoci a yini. Takalmin fita Juma'a a bar shi a jaka, a sa mai taushi. Bas mai hawa biyu da ake kira Deuce yana bin titin dare da rana, tikitin yini bai kai dala goma ba, sai dai da yamma yana jan ciki. Jirgin monorel yana tashi daga MGM Grand zuwa Sahara, yana tsayawa a cibiyar taro, amma bai kai filin jirgi ba. Tasi daga filin jirgi zuwa Strip farashinsa ƙayyadajje ne bisa shiyya, a tambaya kafin a shiga. Ba a tare tasi a bakin titi yadda muke tare trotro a Kejetia, sai a ƙofar otal. Tun 2023 kuma ana tseren motoci na Formula 1 a ƙarshen Nuwamba, shinge da kujerun kallo da ake kafawa suna cushe hanya tun makon baje-koli, a ƙara rabin awa a kowane alƙawari.

Garin a tsakiyar hamadar Mojave yake. A Yulin 2024 zafi ya kai digiri 49. A Nuwamba rana da daɗi, wajen digiri 20, dare kuma yakan sauko ƙasa da goma, a tafi da rigar sanyi. Iskar busasshiya ce kamar tsakiyar hunturu, leɓe ya tsage, hanci ya yi jini, saboda haka man kaɗanya ya shiga jaka. Ruwan kwalba a shagon otal dala biyar ko fiye. A Walgreens ko CVS da ke kan titin za ka sayi babbar gora da kuɗin da bai kai haka ba. Inshorar lafiya ta tafiya kada a yi ƙyashin biyanta, domin dare ɗaya a asibitin Amurka na iya cinye ribar kwantena.

Farashin da aka rubuta a menu ba shi za ka biya ba. Akwai harajin saye kashi 8.375, sannan a wurin da aka kawo maka abinci kan teburi ana barin kashi 18 zuwa 20 ga mai hidima. Ba alfarma ba ce a wurinsu, da shi suke rayuwa. Naman alade na ɓuya a karin kumallo da fiza da wake da miya, wasu miyoyin kuma da giya ake dafa su. A tambaya, ba sa jin haushi. Gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Larabawa da Turkawa suna nan, mafi yawa a wajen Strip, kuma sun fi araha. Alƙibla a can ba gabas take ba, kusan arewa ce ta ɗan karkata gabas, abin da ke ruɗa dattawanmu. A duba manhajar waya kusa da taga, domin ƙarfen gini na juya allurar. Banɗakuna ba ruwan tsarki, ƙaramar buta ta roba za ta fitar da kai. Juma'a ana yin ta a Jamia Masjid da ke titin East Desert Inn da kuma Masjid As-Sabur, dukansu sai an hau mota. Maganar ƙasaru da haɗa salloli a tambayi malami kafin a tashi.

A kan titi za a miƙo maka abubuwa: katuna masu hotunan mata, faifan waƙa "kyauta", tikitin wasa idan ka yarda ka saurari tallar gida na awa biyu. Kada hannu ya karɓi komai. Masu shigar wasan kwaikwayo da za su ce a ɗauki hoto, da an ɗauka za su nemi dala ashirin, kuma hoton shi ne zai riga ka isa Zango. Karuwanci haramtacce ne a gundumar Clark da garin yake ciki. Tabar wiwi jihar ta halatta sayar da ita, amma a dokar tarayya laifi ce, kuma biza a hannun tarayya take.

Wanda ya samu rarar yini ɗaya ya je madatsar ruwa ta Hoover, kimanin kilomita 50 daga gari, wadda aka kammala a 1936. Tsayinta mita 221 ne, kusan ninki biyu na Akosombo, kuma tafkin Mead da ke bayanta shi ke shayar da garin. Babban kwazazzabon Grand Canyon ɓangaren kudu awa huɗu da rabi ne a mota zuwa kawai, bai dace da tafiyar kwana huɗu ba.

Ranar tashi kada a jefa makulli a akwati a wuce. A tsaya a teburi a karɓi takardar lissafi, a bi ta layi-layi, abin da ba ka ci ba ka ce a cire tun kana tsaye a wurin, domin daga Kumasi gardamar sai ta waya da tsakar dare. A nemi shaidar cewa sun saki kuɗin jingina, a adana ta, ita za ka kai reshen bankinka idan mako biyu ya wuce kuɗin ba su dawo ba.

Mun gode da filin da aka ba mu. Wassalam.

Daga wasu 'yan'uwanku masu sayar da kayan gyaran mota,
Suame Magazine, Kumasi