Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Tsaron Unguwa

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa mambobi.

Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanto shi da kansa. Nawa shi ne abin da muka yi da abin da ya gagare mu.

Waɗanda suka daɗe a nan sun san gonakin gero ne a inda gidajenmu suke yanzu. Kano ta cika ta tumbatsa, ta malalo Kumbotso da Ungogo, mu kuma rabonmu ya faɗo a awon igiya. Ba sunan layi, ba lambar gida, wani lungun ma adaidaita sahu sai ta yi dabara. A farkon shekara aka haura gidan wani bawan Allah da tsakar dare, ya samu 'yan sanda a waya, suka fito, amma suka yi ta zagaye suna neman "bayan masallaci, kusa da mai shayi". Masallatai nawa ne a unguwar nan? Kafin su iso ɓarayin sun yi nisa. Wannan ya sa muka zauna da mai unguwa aka raɗa wa layuka suna, matasa suka bi gida gida da fenti suna rubuta lamba, muka zana taswira da hannu muka kai ofishin 'yan sanda. Tana nan manne a bango kusa da kantar ofishin. Wasu magidanta sun hana a taɓa musu katanga, wai haraji ake shirin ɗora musu. Har yau muna lallashi.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zama da baturen 'yan sanda da wakilan PCRC, wato kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da aka kafa tun 1984. Zaman farko bai yi daɗi ba. Wata uwa ta miƙe ta ce an zo kama ɗanta ba a same shi ba, sai aka tafi da mijinta, kuma bai fito ba sai da ta sayar da tunkiya. Ɗakin ya yi tsit. Ni dai a ganina zaman nan ya fi duk sauran amfani, domin daga shi ne muka gayyato lauya ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama mutum a madadin wani. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Beli kuwa kyauta ne, kamar yadda ake rubutawa a bangon ofisoshin. Yanzu duk wanda aka kama daga unguwar nan, dattijo ɗaya daga kwamiti yana raka iyalinsa. Ba ya zuwa roƙon a saki mai laifi. Zama yake yi ya ga yadda za a yi, kuma mun lura magana takan canza idan akwai farin gemu a kan benci.

'Yan sandan su ma sun faɗi nasu, kuma da gaskiyarsu. Sun ce za a ƙwace wa yarinya waya da wuƙa a gaban majalisa, kowa ya san yaron har kakansa, amma ranar bincike sai ka ji "ni ban ga komai ba". Sun ce idan suka kama ɗan daba, kafin su rubuta sunansa manya sun fara bugo waya. Mun amsa musu cewa mutane na tsoron sunan mai tsegumi ya fita ne, domin ya taɓa fita. Aka tsayar cewa rahoto zai riƙa bi ta hannun mai unguwa ko limami ba tare da suna ba. Ta wannan hanya aka tashi dabar da ke kangon bayan makaranta, inda ake sayar da ƙwaya da sholisho. Mai kangon ya toshe ƙofa da bulo bayan mun matsa masa.

Fitilun sola da muka kafa a hanyar maƙabarta suna aiki, sai guda da aka kwance wa batir.

Maganar 'yan sintirinmu tana buƙatar a faɗe ta ba kwana-kwana. Suna kwana a waje cikin hunturu mu muna cikin bargo, kuma alawus ɗinsu yana makara saboda gidaje da yawa ba sa biyan kuɗin wata. Duk da haka mun dakatar da biyu daga cikinsu da suka ɗaure wani yaro suka yi masa duka kan zargin satar kaza. Bayan kisan gillar da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta dawowa Kano, ba mu da bakin kuka da ɗaukar doka a hannu idan muna yin ƙaramarsa a gida. Ƙa'idar ita ce a kama, a miƙa, a rubuta a littafi.

Abin da ya gagare mu: filin da muka nema don ƙaramin ofishin 'yan sanda. Masu awo ba su bar ko taku ɗaya na jama'a ba, wanda ke sayarwa kuma ya tsawwala. Haka nan mata ba su da wakilci a kwamiti, alhali su da 'yan mata masu dawowa daga Islamiyyar dare aka fi tarewa. Za a zaɓi wakilansu a taro mai zuwa, bayan sallar La'asar a harabar makarantar firamare. Wanda ake bi bashin kuɗin sintiri ya taho da shi.

Wassalam.
Sakataren Kwamiti