Amsa ga mai tambaya: me Ƙungiyar Lauyoyi ta tsinana wa talaka?

Malam, assalamu alaikum.

A shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo waya ka tambaye ni abin da Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, wato NBA, ta taɓa tsinana wa talaka ban da taron shekara-shekara a manyan otal. Lokaci bai bari na amsa maka yadda ya kamata ba.

Amfanin wannan ƙungiya ya fi bayyana a lokacin da masu mulki suka taka doka. A 1984, da gwamnatin soja ta kafa kotuna na musamman ƙarƙashin hafsoshin soja domin shari'ar 'yan siyasa, ƙungiyar ta umarci 'ya'yanta su ƙaurace musu, ko da yake fitaccen lauya Gani Fawehinmi ya ƙi bin umarnin. Alao Aka-Bashorun, wanda ya shugabance ta daga 1987 zuwa 1989, bai ɗaga wa gwamnatin Babangida ƙafa ba a kan bin umarnin kotu. Sai kuma rikicin zaɓen shugabannin ƙungiyar ya tarwatsa taronta na Fatakwal a 1992, ta zauna babu shugabanci na ƙasa har 1998. A wannan tsakanin aka soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, aka kuma rataye ɗan gwagwarmaya Ken Saro-Wiwa, alhali lauyoyi ba su da bakin da zai yi magana da yawunsu gaba ɗaya. Wannan rashi ya yi wa ƙasar nan tsada, kuma laifinmu ne.

Akwai kuma aikin da ba a cika gani ba. Tsarin mulki ya ba ƙungiyar kujeru biyar a Majalisar Shari'a ta Ƙasa idan za a tantance alƙalan manyan kotuna. Haka nan idan lauya ya cinye kuɗin wanda yake karewa, ana iya kai ƙararsa, kwamitin ladabtarwa kuma yana da ikon soke sunansa daga aikin.

Sai dai ƙorafinka yana da tushe. Wanda ya shiga gidan yari ya ga matashin da ya shekara yana jiran shari'a a kan tuhumar satar waya, babu lauya, babu mai tsaya masa beli, ya san ba mu sauke nauyin da ke kanmu ba. Ɗan Kano A.B. Mahmoud da ɗan Kebbi Yakubu Maikyau sun riƙe shugabancin ƙungiyar, don haka mu 'yan Arewa ba mu da uzurin cewa ta wasu ce.

Idan kana da ɗan'uwa a tsare, ka je ofishin reshen ƙungiyar na garinku ka nemi kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam, ka kuma tafi da lambar ƙarar da sunan kotun.

Wassalam.
Lauya daga Kano