Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai.

Tarukan wata-wata sun gudana, kuma fuskokin da aka saba gani su ne dai suka zo.

Masu tambayar ina aka kwana kan asusun taimakon marasa lafiya da ɗan littafin jagorar rajistar FRRO (ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasashen waje a Indiya) ga sababbin zuwa: ba a yi ba, kuma ba sakaci ba ne. Ba a buga littafi da alkawari. Mafi yawanku ba ku biya kuɗin wata ba, ni da ma'aji mun bi ku ɗaki-ɗaki har an fara ɓuya in an hango mu.

Abin da ya faranta mana rai shi ne tafiyar Barsana, a gundumar Mathura ta jihar Uttar Pradesh, kallon Lathmar Holi, kwanaki kaɗan kafin babban bikin Holi, bikin launuka na mabiya addinin Hindu, na 14 ga Maris. Wasu sun yi ta surutu a WhatsApp cewa bai kamata mu je bikin Hindu ba, to kallo da neman sani ya kai mu, ba bauta ba. A wurin Hindu, Barsana garin Radha ne, Nandgaon kuma na masoyinta Krishna, dukansu ababen bautarsu ne. Mazan Nandgaon kan shigo da waƙoƙin tsokana, matan gari su fito da lulluɓi da dogayen sanduna su hau jibgarsu, su kuwa su durƙusa su kare kai da garkuwa. Kamar wasan taubasai, sai dai gari guda ake yi. Ta kan rufin gidaje ake kwararo gulal, hodar nan ja da ruwan hoda da shuɗi, har sai ka kasa gane na kusa da kai. Wani ɗan uwa ya ƙi jin shawara ya sa farar shadda. Shaddar ba ta ƙara zama fara ba.

Da yake azumi ne, abokan karatunmu Indiyawa suka ajiye mana gujiya, soyayyen fulawa mai zaƙi da madara a ciki, har zuwa buɗa-baki. Su ne kuma suka gargaɗe mu kan thandai, wani abin sha mai sanyi na madara, domin a kwanakin nan akan zuba masa bhang, wato wiwi.

Kuɗin mota mutanen da suka je ne suka haɗa daga aljihunsu, asusu bai ba da ko rupi ɗaya ba. Waɗanda ba su zo ba amma suka fi kowa neman hotuna, mun gan ku.

Duk mai bashi ya ga ma'aji kafin taron Janairu, in ba haka ba babu shi a zaɓe.

Sakatare