Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Tallan Da Ke Faɗo Muku A Waya Ba Sallama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku abokan cinikinmu, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, muna gaishe ku, da fatan iyali lafiya, kasuwa kuma da albarka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata matsala da ta zama ruwan dare a shagon nan. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kawo mana waya an ce ta kamu da bairos, a yi mata fulashin ba, wato a goge ta kaf a sake ɗora mata tsari. Idan muka tambayi alamar ciwon, amsar ɗaya ce: talla ke ta faɗowa daga saman waya dare da rana, wani na caca, wani na maganin ƙarfin maza, wani kuma hoton da mutum ba zai so 'yarsa ta gani ba. Gaskiyar magana, mafi yawan wayoyin nan lafiyarsu ƙalau, kuma gyaran bai kai a biya ko sisi ba.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo bayan azahar, ɗansa na biye da shi kai a sunkuye. Ya dire wayar kan tebur ya ce, "Malam, duba min abin da yaron nan ya zuba min a waya." Ashe dattijon yana nuna wa surukinsa hoton wani fili ne, sai ga hoton mace rabi tsirara ya sauko a kai. Muka ce, "Alhaji, a yi haƙuri a zauna tukuna." Da muka buɗe Chrome, wato burauza ko manhajar da ake shiga intanet da ita, sai muka tarar da shafuka tara da aka ba izinin turo sanarwa. Biyu na kallon ƙwallo ne, waɗannan yaron ya amsa laifinsu. Sauran kuwa daga saƙonnin nan ne na "danna nan ka samu kyautar data" da ake yawo da su a zaurukan WhatsApp, kuma Alhaji da kansa ya tuna ya danna. Minti uku ba su cika ba muka share su duka. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce wa yaron ya je ya sayo musu ruwan sanyi.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2015 Google ya sa wa Chrome wata dama, tun daga siga ta 42, wadda ke barin shafin intanet ya aiko maka da sanarwa ko da ka rufe shi. Wata burauzar mai suna Firefox ta biyo baya a farkon 2016. An yi abin ne don alheri, domin jarida ta sanar da kai labari da ɗumi-ɗuminsa, ko akwatin imel ya ce maka saƙo ya shigo. Sharaɗi ɗaya ne, sai ka yarda. Shafin zai tambaya, a nuna maka maɓalli biyu, "Allow" da "Block", na farko amincewa, na biyu ƙi. To a nan mayaudara suka samu ƙofa. Ba za su ce maka talla za su turo ba. Cewa za su yi ka danna "Allow" don tabbatar da kai mutum ne ba na'ura ba, ko don fim ya fara, ko don waƙar da kake nema ta sauka. Kai kuma kana gaggawa, an kusa take wasa, sai yatsa ya riga tunani. Daga wannan lokacin ka ba su mabuɗin ɗakinka, su kuma ana biyansu kan tallan da suka cusa da wanda aka danna. A 2020 Chrome da Firefox sun rage wa wannan tambaya ƙarfi don kada ta riƙa tare wa mutane fuska, amma har yau ana kama mutane. Masu iPhone ba su cika zuwa mana da wannan kuka ba, domin sai a 2023 Apple ya buɗe wannan hanya a wayoyinsa, kuma sai shafin da mutum ya ɗora a fuskar waya da hannunsa.

Wanda ya fi tayar wa mutane hankali shi ne mai jan launi da ke cewa an gano bairos biyar a wayarka, ka danna yanzu kafin ta lalace. Don Allah ku riƙe wannan: shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarku, balle ya ƙirga muku bairos. Tallan ne ya yi shigar likita. Wanda ya danna, ko a tura shi ya sauke wata manhaja marar asali, ko a kai shi shafin da zai nemi lambar katinsa na ATM, ko BVN, ko lambobin nan na sirri da banki ke turowa ta saƙo. Kunyar hoton banza za ta wuce, amma kuɗin da aka kwashe daga asusu ba kasafai suke dawowa ba.

Yanzu ga maganin. Idan tallan ya sake faɗowa, kada ku goge shi, kada kuma ku buɗe shi. Ku duba samansa da kyau, za ku ga sunan burauzar da ya biyo ta cikinta, da adireshin shafin a ƙananan haruffa, galibi suna ne marar kan gado, haruffa a cakuɗe. Ku ɗora yatsa a kansa ku riƙe, wayar za ta ba ku zaɓin kashe sanarwar wannan shafi. Amma tun da ɓarawo ba ya zuwa shi kaɗai, gara a bi su har gida. A buɗe Chrome, a taɓa ɗigo ukun nan na kusurwar sama, a shiga "Settings", sannan "Site settings", sannan "Notifications". Nan za ku ga jerin duk shafukan da aka ba izini. Duk wanda ba ku san shi ba, ku taɓa shi ku cire izinin. Idan kuma ba ku da wani shafi da kuke jiran saƙonsa, ku kashe maɓallin da ke sama gaba ɗaya, ba mai sake tambayarku. Wannan ba zai taɓa WhatsApp ko saƙon banki ba, su hanyarsu daban. Mai amfani da Opera ko Samsung Internet ko Phoenix, shi ma ya leƙa saitin burauzarsa, sunayen sukan ɗan bambanta amma wurin na nan. A kwamfuta kuwa hanya ta fi gajarta: a rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin adireshi, mai Edge ya sa edge a madadin chrome.

Sai dai akwai kason da ya fi wannan taurin kai, kuma shi ne ya cancanci a kira shi cuta. Alamarsa ita ce tallan ya rufe fuskar waya gaba ɗaya kana tsakiyar kira ko kana duba hotuna, batir na zuba kamar an huda shi, data na ƙarewa ba ka san inda ta tafi ba. Wannan manhajar talla ce ta shige cikin wayar. Yawanci tana zuwa ne a rakiyar abin da aka turo ta Xender, ko aka sauke daga wani shafi ba daga Play Store ba: manhajar share datti, ta sanyaya waya, ta tocila, ko jabun WhatsApp ɗin nan masu launi-launi da matasa ke so. Ku shiga saitin waya, ku buɗe jerin manhajoji, ku bi shi a hankali har ƙasa. Wasu sukan ɓuya ba suna ba hoto, sai wani farin gurbi kawai a cikin jerin. Duk wadda ba ku tuna sa ta ba, ko wadda matsalar ta fara bayan zuwanta, ku cire ta. Idan ta ƙi fita, mai yiwuwa ta karɓi matsayin mai kula da waya ne a sashen tsaro, sai an sauke ta daga nan tukuna. Bayan haka ku shiga Play Store, ku taɓa hotonku na sama, ku sa Play Protect ya yi bincike. Masu kwamfuta su duba ƙare-ƙaren da aka liƙa wa burauza a chrome://extensions, su cire baƙin ido, kuma akwai AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes, kyauta ne, da shi muke aiki a nan.

Akwai laifin da ya kamata mu amsa. A da, mu ma fulashin muke yi wa irin waɗannan wayoyi, don ya fi sauri kuma da kuɗinsa. Akwai wata baiwar Allah da yaron shagonmu ya goge mata waya kaf ba tare da ya tambaye ta ko ta adana kayanta ba, hotunan sunan ɗanta na fari suka tafi. Ba a yi sati ba ta dawo da tallan nan daram, domin ta koma shafin da take sauke fina-finai ta sake danna abin da ta danna. Mun ba ta haƙuri mun mayar mata da kuɗinta, amma hotunan ba mu iya dawo da su ba. Tun daga ranar muka kafa doka: ba a yi wa waya fulashin saboda talla sai an bi duk matakan da muka zayyana sun gagara, kuma sai mai ita ya ji abin da zai rasa ya amince.

Wanda ya riga ya shigar da lambar katinsa a irin waɗannan shafuka, kada ya fara zuwa wurinmu. Ya fara kiran bankinsa ta lambar wayar da ke bayan katin a rufe katin, ya canza lambobin sirrinsa, sannan ya kawo wayar.

Wanda kuma ya gwada abin ya rikice masa, ya zo da wayar da cajinta. Cire izinin sanarwa kyauta muke yi, kuma a gabanku za mu yi, wayar na hannunku muna nuna muku inda za ku taɓa, don gobe ku yi wa na gida. Iyayenmu mata da ba sa son tsayuwa cikin cunkoso, safiya ta fi, kafin kasuwa ta cika. Muna buɗewa kullum ban da Lahadi, ranar Juma'a kuma mukan rufe da ƙarfe goma sha biyu sai bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a nema.

Naku,
Mai shago da yaransa