Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Abba Kabir Yusuf, daga wani ɗan kwamitin SBMC

Assalamu alaikum Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Ni kafinta ne, shekara shida ke nan ina cikin kwamitin SBMC na firamaren unguwarmu, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makaranta, ni ne wakilin masu sana'ar hannu. A cikinmu akwai mai unguwa da liman da wakilan iyaye da tsofaffin ɗalibai da mata, har yara biyu mace da namiji daga cikin 'yan makarantar, hedimasta kuma shi ne sakatare. Ba a biyan ko ɗaya daga cikinmu sisin kwabo saboda aikin kwamiti kuma ba albashi na zo nema ba, gara in faɗa tun da wuri. Da ka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 mun yi murna ƙwarai, shi ya sa ma na samu ƙarfin gwiwar rubuto maka.

Ranka ya daɗe, ido muke da shi amma hannunmu a ɗaure yake. Akwai shekarar da aka turo ɗan kwangila ya yi rufin azuzuwa biyu a makarantarmu, ba wanda ya sanar da mu, sai dai muka wayi gari muka ga mota tana sauke kaya. Na je na ɗaga katakon, ɗanye ne shakaf ba a ko shafa masa maganin gara ba, kwanon kuwa da yatsa kake lanƙwasa shi. Na yi magana, ya ce ni wa ye, ba ni na ba shi aiki ba. Wallahi iskar farkon damina ce ta yaye rufin, Allah ya kiyaye ranar Asabar ce babu yara. Mu ɗin nan da aka ce mu su wa ye, mu muka bi gida gida da shago shago muka haɗa kuɗin ƙusa da katako, na kira yaran shagona muka mayar da shi cikin kwana huɗu, har yau yana nan.

To abin da nake roƙo shi ne, kuɗin ƙananan gyare-gyare irin su rufi, benci, ƙofa, taga, masai da famfo, a riƙa sa su kai tsaye a asusun makaranta, shugaban kwamiti da hedimasta su sa hannu, a manna lissafin a bango kowa ya gani. Wannan ba sabon abu ba ne, haka shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa ilimin 'yan mata yake yi a sakandare a nan Kano, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, ma tana da irin wannan tallafi da take ba kwamitoci, al'umma su kawo tasu gudummawar. Amma makarantu nawa ne abin ya kai gare su? In kuma aikin babba ne sai an ba da kwangila, to kada a biya kuɗin ƙarshe sai kwamiti ya duba ya sa hannu, mu ne 'ya'yanmu ke zama a ƙarƙashin rufin.

Sai maganar malamai. Muna zagayawa da safe, mun san mai zuwa da wuri da wanda sai ƙarfe goma, mun san malamar da ke fama da yara sun fi ɗari ita kaɗai ga shi ba ta taɓa fashi ba. Muna rubuta rahoto mu miƙa, shiru kake ji. Don Allah a sa doka cewa duk takardar da kwamiti ya kai a ba shi amsa a rubuce cikin wata guda, ko da amsar a'a ce.

Matan kwamitinmu kuwa ba na jin akwai mai aikinsu. Su ke shiga ɗaki inda mu maza ba ma shiga, su zauna da uwa su lallaɓa ta ta sauke wa yarinya farantin talla ta bar ta ta je aji ko da sai an tashi ta ɗauka, wani lokacin daga adashensu suke ɗinka wa marayu yunifom. Dattawan da suka riga mu sun samu horo lokacin shirin ESSPIN na tallafa wa ilimi da Ingila ta ɗauki nauyi, mu da muka shigo daga baya da ka muke yi, ko yadda ake tsara takardar ci gaban makaranta sai mun nemi mai nuna mana. Horon kwana biyu da Hausa a shekara zai ishe mu.

Abu na ƙarshe, a bar wa unguwa ta zaɓi 'yan kwamitinta a bainar jama'a. Duk ranar da aka fara kawo sunaye daga ofishin jam'iyya, ko wacce jam'iyya ce, mutanen kirki za su janye jiki, ni ma kuma ina ga ba zan zauna ba.

Allah ya taimaki Mai Girma Gwamna, ya ƙara lafiya.

Naka,
Wani kafinta ɗan kwamitin SBMC, Kano