Kafin a fasa taga a mai da ita ƙofa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni magini ne, na haura shekara 20 ina wannan sana'a a Kano. A 'yan shekarun nan tsadar siminti da rodi ta rage mana sabon gini. Aikin da aka fi kirana a kai yanzu shi ne a fasa tagar ɗakin da ke kallon titi a mai da ita ƙofa, a fitar da shago ko a samu na cefane. Kusan kowane maigida sai ya ja ni gefe ya rage murya: "Malam, wannan ma sai an nemi izini?"

Nakan ce masa ya fara gaya mini abu biyu: faɗin ƙofar da yake so, da abin da zai yi a bayanta.

Saman kowace taga akwai linta, wato kankaren nan mai rodi a ciki, ita ce ke ɗauke da nauyin bulon da ke sama da na rufi. Idan taga ƙafa 4 ce kuma ƙofar ba za ta wuce ƙafa 4 ba, bulon da ke ƙasan taga kawai za a cire, linta na nan ba a taɓa ta ba. A wajen magini wannan aikin yini ɗaya ne. Amma mai shago ba ya son ƙaramar ƙofa. Ƙafa 8 yake so, ta ƙarfe, yadda mai wucewa zai hango buhun shinkafa daga titi. Nan ne ake sare bangon da lintar ke zaune a kai, a bar ta a rataye. A gidan ƙasa kuwa azara ce ke wannan aiki, kuma ita ma tana da iyakar abin da za ta ɗauka.

Bara wani bawan Allah ya kira ni gidansa mai hawa ɗaya. Tagar da yake so a faɗaɗa tana daidai ƙarƙashin ɗakin 'ya'yansa. Na ce sai an tokare dekin, wato kankaren da ɗakin sama ke zaune a kai, da katako, a zuba sabuwar linta mai tsawo, a jira ta bushe, kuma injiniya ya duba tukuna. Ya ce na cika tsada. Ya samo wani yaro da guduma, kafin la'asar an gama. Damina ba ta fita ba ya sake nemana. Tsaga ta taso daga kusurwar ƙofar ta yi sama a karkace, har na zura ɗan yatsana a ciki, ƙofar ƙarfen kuma sai an sa mata kafaɗa take rufuwa. Araha ba ta ado, abin da ya kashe wajen gyara ya ninka abin da na faɗa masa tun farko.

Sai batun shagon kansa, wanda mutane suka fi mantawa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke, kuma takardar mallaka tana rubuta abin da aka ba da filin dominsa. Idan ta ce gidan zama, fitar da shago sauya amfani ne, ko da ginin lafiyarsa lau. Kotun Ƙoli ta yanke tun 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, shi ya sa kowace jiha da hukumarta: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Abin da ka ji an yi a Abuja ba lallai ne ya yi maka aiki a Ɗorayi ba. Ga kuma abin da ke biyo bayan ƙofa: a yi dakali, a rufe lambatu da kankare, a kafa rumfa ta ci hanya. Ruwan sama ya rasa mafita ya shige gidan maƙwabci.

Roƙona, Edita, ku tura wakilinku ya zauna da jami'an tsara birni, su faɗa da Hausar da kowa zai gane: wane gyara ne mutum zai yi ba takarda, wanne ne sai da zane da sa hannun injiniya, nawa ake biya, a wane ofishi, kwana nawa ake jira. Da yawa daga cikin masu fasa bango da daddare tsoron abin da ba su sani ba ne ke sa su haka. Ku buga amsar, ni kuma zan yanke shafin in riƙa yawo da shi a jakar kayan aikina, in nuna wa duk maigidan da ya ja ni gefe.

Naku,
Wani magini daga Kano